Kafin a sauke allo: wane laifi ne ya isa a raba dila da sunan kamfani?

A Kano, a titin Zariya, ko titin Haɗeja, ko hanyar Katsina, ba baƙon abu ba ne ka wuce gidan mai ɗauke da allon wani babban kamfani, bayan wata biyu ka tarar an sauke allon, an shafe fentin, famfuna na tsaye babu suna. Wani lokacin ciniki aka yi, mai wuri ya sayar ko ya koma wani kamfanin don ra'ayin kansa. Amma sau da yawa rabuwar baram-baram ce. Takarda ta iso daga Legas cewa dila ya aikata abin da ba a ba shi izini ba, saboda haka yarjejeniya ta ƙare. Irin wannan takarda tana zuwar wa masu gidajen abinci na zamani, tana zuwar wa manyan diloli a kasuwar Singa, da masu shagunan rajistar layin waya, har da yaran POS da ke zaune ƙarƙashin lema a bakin titi.

Ni a ganina kamfani yana da cikakken haƙƙin raba gari da duk wanda ya cuci mai saye da sunansa, kuma a ranar da abin ya tabbata, ba sai an yi ta jan ƙafa ba. Inda nake da ja shi ne faɗin wannan jumla ta "abin da ba a ba da izini ba". An buɗe mata baki yadda za ta haɗiye mai algus a fetur, ta kuma haɗiye wanda ya sayar wa baƙo daga Maraɗi katan hamsin na taliya, a yanke musu hukunci ɗaya. Tambayar da ya kamata a fara yi kafin a sauke allon kowa ita ce, wa aka cuta? Idan mai saye ne, magana ta ƙare. Idan kuwa littafin dokokin kamfani kaɗai aka saɓa wa, ba wanda cikinsa ya ɓaci, ba wanda injinsa ya buga, to akwai magana, doguwa ma kuwa.

Tsarin da ake kira faranchayis hayar suna ce. Mai suna yana da tambarin da mutane suka sani suka yarda da shi, yana da yadda yake soya kazarsa ko inda yake samo mansa. Kai kuma kana da fili da kuɗi da sanin gari. Sai ya ba ka sunan na wasu shekaru, ka gina wuri da kuɗinka bisa zanen da ya ba ka, ka ɗauki ma'aikata ka riƙa biyansu, ka kuma riƙa tura masa wani kaso na cinikin da ka yi. A manyan gidajen abinci na duniya kason yakan kama daga kashi 4 zuwa 8 cikin ɗari, na ciniki fa, ba na riba ba, ban da kuɗin talla. Lemon kwalbar da muke sha ma ta irin wannan hanya yake zuwa: kamfanin NBC da aka kafa a 1951 shi ke ɗura Coca-Cola da izinin masu ita a Amurka, kuma yana da masana'anta a Challawa. Shoprite ta Afirka ta Kudu, da ta sayar da harkarta ta Najeriya a 2021, ta bar wa waɗanda suka saya su ci gaba da aiki da sunan bisa yarjejeniya, kuma a hannunsu aka rufe reshen Ado Bayero Mall a farkon 2024, shekara goma bayan buɗe shi. Dilancin mai da na kayan masarufi ba su yi daidai da wannan ta kowace fuska ba, amma tushensu ɗaya ne: jarin naka, sunan na wani.

Kano ba ta jahilci wannan zama ba. Tun zamanin gyaɗa, bayan layin dogo ya iso a 1911, attajirai irin su Alhassan Ɗantata sun yi wa kamfanonin Turawa wakilcin saye, su ma kuma suna da nasu yaran a garuruwa da ƙauyuka, masu karɓar kuɗi su sayo da sunan maigida. Yaron da ya tauye awo ya zubar wa maigida mutunci, kowa ya san makomarsa. Amma an kuma san ba a korar mutum a kan abin da ba a taɓa ja masa kunne a kai ba, kuma in rabuwa ta zo akwai sallama. Jan kunne da sallama su ne abubuwan da yawancin takardun yau suka rage wa ƙarfi, wasu ma suka zubar da su gaba ɗaya.

Akwai laifukan da ba na tausaya wa dila a kansu ko kaɗan. Mai gidan man da ya sa aka taɓa famfo, mita ta nuna lita goma alhali takwas da rabi ne suka shiga tanki, ɓarawo ne, kuma da sunan wani ya yi satar. Mai adaidaita sahun da ya wuce gidajen mai uku ya zo nan ba don ya san Alhaji ya zo ba, allon ya gani. Haka wanda ya gauraya kananzir a gas, ko ya sauke tankar da bai san asalinta ba cikin dare, gari ya waye ya sayar da ita ƙarƙashin tambarin kamfani. Mun ga abin da gurɓataccen mai ke yi a watan Fabrairun 2022, lokacin da fetur mai yawan sinadarin metanol ya shigo ƙasar nan, motoci suka lalace, dogayen layuka suka dawo. Wancan daga sama ya taho, ba aikin diloli ba ne, amma ya nuna wa kowa cewa mai saye ba shi da hanyar sanin abin da ake zuba masa sai bayan injin ya fara kuka. Suratul Muɗaffifina ba ta bar wa mai tauye mudu wurin ɓuya ba, hadisin "wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu" kuwa yaran Islamiyya ma sun haddace shi. Wanda aka kama da irin wannan bai cancanci wa'adin gyara ba. Me zai gyara? Ya san abin da yake yi tun ranar da ya kira makanikin famfo.

Gidan abinci ma haka. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, wuta kuma babu tabbas, wanda firizarsa ta kwana a kashe, kaji suka saki, ya ce a soya a ƙara yaji, bai saɓa wa littafin kamfani kawai ba, rayukan mutane ya sa a caca. Da shi da dilan da ke goge ranar ƙarewar wa'adi a jikin katan ya buga sabuwa, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Wasu sukan ce ai kamfani babba ne, laifin shago ɗaya ba zai girgiza shi ba. Abin da ya faru a ƙasar nan bai goyi bayansu ba. A watan Oktoban 2015 hukumar sadarwa ta NCC ta ci tarar MTN naira tiriliyan 1.04 saboda layuka sama da miliyan biyar da rajistarsu ba ta cika ba kuma ba a katse su ba, kafin a sasanta a kan naira biliyan 330 a 2016. Rajistar layi kuwa kowa ya san a ƙananan shaguna da teburan bakin hanya ake yin mafi yawanta. A 2018, bayan binciken BBC ya nuna yadda maganin tari mai kodin ke fita ta bayan fage ya faɗa hannun matasa, har da na Kano, gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi, NAFDAC kuma ta garƙame wasu masana'antun magani na ɗan lokaci. Mutane ƙalilan ne suka karkatar da kaya, amma kowa a harkar ya ɗanɗana kuɗarsa. Gidan abincin Mr Bigg's da kamfanin UAC ya fara a Legas a 1986 ya taɓa mamaye biranen ƙasar nan da rassa fiye da 150, yawancinsu a hannun masu hayar suna, kuma cikin dalilan da masu nazarin kasuwanci ke yawan kawowa na ja da bayansa akwai cewa abincin wannan reshe ya daina kama da na wancan. Kamfanin da ya ƙi korar mai ɓata masa suna, dilolinsa masu gaskiya yake cuta, domin su ma da sunan suke ci.

Akwai kuma cutar da ba ta taɓa mai saye amma tana taɓa aljihun mai suna kai tsaye: littafi biyu, ɗaya na gaskiya ɗaya na nuna wa odita, ko a ce wa kwastoma na'ura ta lalace, ya yi tiransifa zuwa asusun manaja, don kada cinikin ya shiga lissafin kason kamfani. Wannan cin amana ne, kuma dalili ne na rabuwa. Sharaɗina ɗaya, a tabbatar da shi ta binciken da dila zai ga takardunsa ya ba da amsa, ba zargin da wani ma'aikaci da aka kora ya kai a waya ba.

To amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da yawa daga abin da ake rubuta wa dila a matsayin laifi, kamfanin ne ya tura shi ciki. Ɗauki mai. Yarjejeniya ta ce ba za ka sayi ko lita ɗaya daga wani ba sai daga gare mu. Madalla. Amma matatar Kaduna ta yi shekaru ba ta aiki, depon Hotoro bai samu mai ta bututu yadda aka tsara shi ba, tanka kuma sai ta yi tafiyar kusan kilomita dubu daga kudu. Dila ya biya kuɗin lodi, ya yi sati uku yana jira, albashin yara na tafiya, bashin banki na hawa, maƙwabcinsa mai zaman kansa yana ta sayarwa. Daga 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, wato tankar lita 33,000 da ake lodi da kusan miliyan 6 ta koma neman sama da miliyan 16. Mutumin da jarinsa ya narke haka, aka kuma riƙe masa kuɗi a layin lodi, in ya waiwaya wani depo, shin shi kaɗai ne ya karya alkawari? Ban ce ya sayar da man wani a ɓoye da sunan kamfani ba, na riga na faɗi hukuncin wannan. Abin da nake cewa shi ne takarda ta bayyana abin da zai faru idan kamfani ne ya gaza. Bayan kwana kaza babu kaya, ko dai a ba shi izini a rubuce ya sayo daga depon da aka amince da shi a gwada man, ko a sake shi ya tafi ba tare da tara ba. Yarjejeniyar da ta jera laifukan dila shafi uku, ta ba wa gazawar kamfani layi biyu, tun daga rubutu aka karkata ta.

Masu gidajen abincin da aka ɗaure da sayen kayan haɗi daga waje sun sha irin wannan. Dala da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya nemi izinin sauya mai kawo masa kwalin zuba abinci ko man suya da na gida mai inganci, aka yi wata shida ba a ba shi amsa ba, ya gaji ya sauya, ni ban ga dalilin kora a nan ba. Na ga dalilin zuwa a duba kayan, in sun yi a sa hannu, in ba su yi ba a ba shi wa'adi.

Batun yanki kuwa, wanda ya rubuta shi kamar bai taɓa shiga Singa ko Kantin Kwari ba. A takarda an ce yankinka Kano ta tsakiya, kada kayanka su tsallaka zuwa yankin wani dila. Amma Kano tun fil azal kasuwar baƙi ce. Mai saye yana zuwa daga Damagaram, daga Maraɗi, daga Gashuwa, daga Chadi, ya ajiye kuɗi ya ce a yi masa lodi. Dila zai tambaye shi katin zaɓe ne kafin ya sayar masa? Akwai bambanci tsakanin wanda ya ɗauki tirela ya kai kaya garin wani dila ya karya farashi don ya kashe shi, da wanda yana zaune a shagonsa ciniki ya same shi. Na farkon ya ci haƙƙin ɗan'uwansa, a ja masa kunne, in ya maimaita a ɗauki mataki. Na biyun kasuwanci ya yi irin wanda kakanninsa suka yi. Abin haushin ma shi ne, manajan yanki da ke ɗora wa dila adadin katan ɗin da dole ya sayar a wata ya fi kowa sanin cewa mutanen Fagge da Gwale ba za su iya cinye wannan adadi ba. Ya san inda kayan ke tafiya, yana karɓar ladan cika adadi a kai. Ranar da aka so ba wa wani yankin, sai a tuna kayan sun tsallaka iyaka.

Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk harkar, tsohon laifi da ake ajiyewa. Shekara huɗu ana gani ana kau da kai, saboda ciniki na tafiya. Sai wurin ya bunƙasa, ko unguwar ta cika da gidaje, ko wani mai uwa a gindin murhu ya nuna sha'awa, sai a buɗe fayil a zaro abin da ya faru bara waccan. Laifin gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin korar ba. Amurkawa sun gane wannan dabara tun da daɗewa. Dokarsu ta dilancin man fetur ta 1978 ta lissafa dalilan da suka halatta a soke yarjejeniya, cikinsu har da algus da gangan da sayar da man wani da sunan kamfani, ta wajabta sanarwar kwana 90 a mafi yawan lokuta, sannan ta ce kamfani ba zai kafa hujja da saɓawar da ya sani fiye da kwana 120 kafin ya ba da sanarwa ba. Wato in ka gani ka yi shiru, ka yafe ke nan. A jihar Kaliforniya, tun 2016, ana ba mai hayar suna aƙalla kwana 60 ya gyara, ban da manyan laifuka irin waɗanda ke barazana ga lafiyar jama'a, kuma in an rabu bisa ƙa'ida mai suna ne zai sayi ragowar kaya da na'urorin da ya sa aka saya. A Afirka ta Kudu dokar kare masu saye ta 2008 ta wajabta a ba mutum takardar bayanin harkar kwana 14 kafin ya sa hannu, ta kuma ba shi kwana goma na aiki ya janye bayan ya sa hannun.

Mu a nan ba mu da dokar da aka yi musamman don wannan harka. An sha kai ƙuduri Majalisar Tarayya, amma abin da ke aiki shi ne dokar kwangila ta gama-gari, da dokar tambarin kasuwanci ta 1965, da rajistar NOTAP, hukumar da ke kula da yarjejeniyar shigo da fasaha, idan mai sunan daga ƙasar waje yake, wadda sai da ita ake samun tura masa kasonsa ta banki. Kotunanmu kuma matsayinsu sananne ne: ba sa sake rubuta wa manya yarjejeniyar da suka sa wa hannu da kansu. In takarda ta ce ana iya sokewa nan take a kan kowace saɓawa, alƙali zai duba ko an saɓa, ba zai tsaya auna ko hukuncin ya fi laifin nauyi ba. Wuri ɗaya da doka ta ɗan tsaya wa dila shi ne farashi. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta soke duk sharaɗin da ya ƙayyade mafi ƙarancin farashin da dila zai sayar, ta kuma hana a riƙe masa kaya don ya sayar da sauƙi. Diloli nawa ne a Singa suka san da wannan? Har yau ana tsorata mutane da cewa sun "karya farashin kamfani".

Sai ƙananan abubuwa na zaman gari, waɗanda bai kamata ma su kai ga takarda ba. Littafin da aka rubuta a Legas ko Johannesburg ya ce a buɗe ƙarfe kaza a rufe ƙarfe kaza. A Kano ranar Juma'a da azahar shago yakan rufe, a watan azumi kuma cinikin abinci bayan magariba yake farawa ya kai dare. Wanda ya juya lokutansa don haka hankali ya yi. Ƙara abinci a jerin abin sayarwa kuwa, a nan ina bayan kamfani. In kana so ka sayar da masa da miyar taushe, ka nemi izini ko ka buɗe naka wurin da sunanka, domin duk abin da ya fito daga wannan kicin mai suna ne zai amsa tambaya a kansa. Sai dai hukuncinsa a ce ka cire, ba a ce ka tashi ba.

Akwai wani sharaɗi da ke kwance a yawancin takardun nan, wanda ba a lura da shi sai ranar baƙin ciki: ba a miƙa wa wani harkar sai da yardar kamfani. A ƙa'ida daidai ne, domin mai suna da Alhaji ya yi magana, shi ya bincika, shi ya horar. Amma a Kano kasuwanci na gida ne. Alhaji yakan tsufa ya bar wa babban ɗansa, ko ya ɗora ƙanensa, ko ya sallami yaronsa na shekara ashirin da reshe guda. Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin sayarwa, don haka ba wanda ya rubuta wa Legas. Ranar da ya rasu, magada suna zaman makoki, sai a ce musu ai tun shekara uku da suka wuce aka saɓa yarjejeniya, wurin da ubansu ya gina kuma allon zai sauka. Abin da adalci ke nema a nan mai sauƙi ne, a ba iyali watanni su gabatar da wanda zai riƙe, a gwada shi kamar yadda za a gwada kowa, in bai cancanta ba a ba su damar sayar wa wanda ya cancanta, kuɗin ya shiga rabon gado.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan wa'adi shi ne, asarar ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ce. Kamfani in ya sauke allo, reshe ɗaya ya rasa cikin ɗari, wata mai zuwa ya ba wani. Dila kuwa ginin da aka zana don sana'a ɗaya ya rage masa, da na'urorin da ba sa aiki da kayan kowa sai na kamfanin, da sito cike da kayan da aka hana shi sayarwa da sunan, da kuɗin ajiyar da za a ce sai an gama lissafi, lissafin da ba ya ƙarewa. Ga ma'aikata ashirin ko talatin da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wasu takardun ma sun ƙara da cewa ba zai yi irin wannan sana'a a wurin ba har shekara ɗaya ko biyu. Mutumin da ya yi algus, wannan duka shi ya jawo wa kansa. Wanda ya makara wajen sabunta fenti fa?

Na san amsar da za a ba ni: ba wanda ya sa masa wuƙa a wuya, shi ya sa hannu, Musulmi kuma suna kan sharuɗɗansu. Gaskiya ne, kuma a nan laifinmu ba ƙarami ba ne. Ɗan kasuwar da zai kwana yana ciniki a kan naira hamsin a katan, shi ne zai karɓi takarda mai shafi sittin da Turancin lauyoyi ya sa hannu a ofishin manaja kafin shayi ya huce, don kada a ga kamar bai yarda da mutane ba. Zai zuba miliyan ɗari a gini, amma yana ganin kuɗin lauya asara ne. Sai dai ayar farko ta Suratul Ma'ida da ta ce a cika alkawura ba dila kaɗai ta kira ba. Malamanmu na Malikiyya, da suke bayanin ƙirali, wato mai dukiya ya ba wani jari ya juya a raba riba, sun ce mai juyawa in ya ƙetare sharaɗin da aka gindaya masa, shi zai ɗauki asarar da ta biyo baya. Amma sun kuma ce da zarar ya fara aiki ya sayi kaya, mai dukiya ba shi da ikon ya ce a watse yau, sai an jira kayan sun koma kuɗi. Ƙirali daban, hayar suna daban, a can ma jarin na maigida ne. To in har an hana mai jari fizge jarinsa a tsakiyar ciniki, ina ga wanda suna kawai ya bayar, jarin na wanda ake kora ne?

Don haka dokar da nake so a yi ba mai tsawo ba ce. Ta ware laifukan da ke cutar da mai saye ko suka zama zamba, ta ce waɗannan kora nan take bayan hujja. Sauran duka a rubuto wa mutum abin da ya yi dalla-dalla, a ba shi kwana 30 ko 60 ya gyara, in ya maimaita sau biyu ko uku a shekara a rabu. Laifin da kamfani ya sani ya yi shiru wata shida ya mutu. In an rabu a sayi ragowar kaya masu kyau, a mayar da kuɗin ajiya cikin lokacin da aka ƙayyade. Kamfanin kirki ba abin da zai rasa a nan, yawancin manyan na duniya ma da irin waɗannan sharuɗɗa suke aiki a ƙasashen da doka ta tilasta musu.

Kafin Abuja ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Ƙungiyoyin kasuwa, da ƙungiyar dillalan mai masu zaman kansu ta IPMAN reshen Kano, da cibiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta Kano, KACCIMA, suna da ƙarfin da dila ɗaya ba shi da shi. Suna iya ɗaukar lauyoyi biyu ko uku da aikinsu kawai karanta wa mambobi yarjejeniya da Hausa kafin a sa hannu, su kuma fitar da jerin sharuɗɗan da ɗan ƙungiya ba zai karɓa ba. Kamfanin da ke son kasuwar Kano, wadda ita ce ƙofar arewa da Nijar, zai saurari ƙungiya ko da bai saurari mutum ɗaya ba. Sharaɗin farko da zan so su sa wa ido yana can shafukan ƙarshe, inda aka faɗi wurin da za a warware rikici. Galibi Legas ake rubutawa, wani lokaci ma Landan, a gaban masu sasancin da kuɗin zamansu kaɗai ya isa ya sa mai ƙaramin ƙarfi ya haƙura da haƙƙinsa. Alhali Kano tana da cibiyar sulhu ta Multi-Door a ƙarƙashin babbar kotun jiha tun 2009, dokar sasanci ta tarayya ta 2023 kuma ta bar wa masu yarjejeniya zaɓin inda za su zauna. Shagon a Kano yake, shaidu a Kano suke, famfon da ake zargi ma a Kano yake, sai a rubuta Kano.